Mita Ɗaya

A gidana na Aboabo, bayan masallacin kwano,
ɗakuna biyu na kallon juna, mita ɗaya ke ba su wuta.
Dogara a hagu, tela ne, ƙafarsa guda ta roba.
Shayau a dama, yana tura amalanke a Kejetiya.
Ƙasa ɗaya ta haife su,
ta tsage, ta tofo min su kamar ƙwallon dabino.

Na tambayi Dogara, me ya ci ƙasarku?
Ya ce, Iya, ƙidaya ce.
An ƙirga mu aka ce mun yi kaɗan,
asibitin da aka yi mana alkawari ya haye kogi.
Na tambayi Shayau, ya ce rediyo ne.
Kullum da asuba wata murya mai daɗi
tana cewa maƙwabcinmu na wasa wuƙa,
har muka riga shi wasawa.

Ban tanka ba. Daga gindin tukunya tuwo ke ƙonewa,
kuma wanda ya sayar musu da harsashi
ko sunan garinsu bai iya faɗa ba.

Shekara uku ba sallama.
Shayau ya ce keken ɗinki ke shanye wuta,
Dogara ya ce fankar Shayau ba ta barci.
Na ce, to, yaƙinku ya biyo ku Kumasi,
ya shige cikin waya.

Sai daren da rafi ya yi ambaliya,
ruwan kwata ya hau har gado.
Ƙafar Dogara na iyo ita kaɗai a tsakar gida.
Shayau ne ya goya shi.
Na ji shi cikin duhu, yana haki:
A wace gada aka harbe ka?
Ya faɗa masa.
Shiru, sai ƙarar ruwa a kan kwano.
Ina wurin, in ji Shayau. Ina ɗaya gefen.
Dogara ya ce, to riƙe ni da kyau,
kar ka kayar da ni sau biyu.

An ce can gida manya sun sa hannu a takarda,
an ɗauki hoto, an yanka sa.
Ni dai abin da na gani:
da safe laka har gwiwa,
Shayau na wanke ƙafar roba a bakin famfo,
Dogara na ɗinke masa riga da allura, don ba wuta.

Har yau ba su cika hira ba.
Amma ƙarshen wata kuɗin mita
a hannu ɗaya yake zuwa, a ƙulle cikin ƙyalle.