Tabarmar Sa'adu

A Mai Wurno, shekarar da Nilu ya cinye gonakin bakin gaɓa,
aka tsinci Sa'adu a gindin gawo, bayan injin niƙa,
da shatin yatsu a wuyansa, takalminsa ɗaya babu.
Shekararsa biyar. Ni takwas.

'Yan sanda suka zo daga Sinnar da hantsi.
Babbansu ba ya jin Hausa,
wani dillalin riɗi ya yi masa tafinta.
Suka leƙa randa, suka leƙa rumbu,
suka zazzage akwatin Inna a tsakar gida.
Sai ɗaya ya tsaya a jikin danga
inda aka shanya tabarmarmu,
ya sunkuya, ya shinshina, ya ɗaga hannu.

Yaron yana fitsarin kwance?
Maƙwabta suka ce yana yi.
Uwar tana dukansa?
Hajja Kulu ta ce da kunnenta ta ji, bayan asuba:
yau sai na kashe ka, kai da wannan zarni.
Wace uwa ce a layinmu ba ta taɓa faɗin haka ba?
Amma dillali ya juya maganar zuwa Larabci,
a can ta fito da haƙora.

Suka naɗe tabarmar, suka liƙa mata lamba,
suka sa ta a mota, gefen Inna.

Wata huɗu. Alƙali ya ce zarni ba ya rataye mutum.
Kotu ta sake ta, gari bai sake ta ba.
Kisrar da take toyawa ta riƙa kwana a faifai.
In ta biyo hanya, mata su janye 'ya'yansu
kamar an ce ga kura.

To, ga abin da ba ya cikin takardunsu.
Sa'adu ya daina tun yana shekara uku.
Ni ne.
Nakan farka cikin ɗumi, kafin ya zama sanyi
in mirgina shi zuwa kan jiƙon,
in tsallake in kwanta a busasshen gurbinsa,
in ɗiga wa wandonsa ruwan buta.
Ya sani. Goruba nake biyansa, biyu in dukan ya yi yawa.
Ranar ma ya kalle ni sau ɗaya,
ya share majina da bayan hannu, ya fita.

Wanda ya tare shi a hanya, ban san shi ba.
An ce wani mai kwalekwale, an ce baƙon da ke tsinkar auduga,
an ce, an ce, har bakuna suka gaji.
Wanda ya fitar da shi daga gida kafin gari ya waye,
wannan kam kullum ina aske masa gemu.

Daren da Inna ta dawo, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma.
Na rantse ba zan rintsa ba. Barci ɓarawo ne.
Da asuba na ganta tsaye a kaina da fitila,
tana kallon taswirar da na zana,
ni kaɗai a kai, babu wanda zan mirgina.
Ta daɗe.
Sannan ta ɗauke, ta wanke a bayan ɗaki,
ta shanya a ciki, inda ido ba ya kaiwa.
Shekara ashirin da shida muka yi bayan nan,
ko da wasa ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Bayan mun rufe ta na tafi Sinnar neman fayil.
Magatakarda ya ba ni shayi, ya ce gara ta riga ni.
Na ce tabarmar fa?
Ya yi dariya: ya hajj, wace tabarma?

Yanzu ina ɗinki a kasuwar Gadarif.
In aka kawo mini wandon ƙaramin yaro
nakan ce zarena ya ƙare,
su gwada shagon gaba.