Baƙin Ƙarƙashin Dutse

A Garwa, inda teku labari ce kawai,
ina da kamu uku nata a falo
cikin akwatin gilashi.
Gishirinta ya zo daga Duwala a bayan tirela,
murjaninta a jarka, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.

Watan Maris. An ɗauke wuta tun azahar.
Na sayo ƙanƙara ta dala ashirin wajen Jaratu,
na ƙulle a leda, na sa ta iyo
don kada ruwan ya koma shayi.
A nan na gan su.

Ƙarƙashin dutsen da haske ba ya kaiwa,
wasu farare, ba su kai ƙwayar shinkafa ba,
kowane da ɗan tukku a ka
kamar abarba bakwaini.
Gefe kuma wani rawaya ya malale
kamar kunun da ya zube a tabarma.

Na ce cuta ce. Na ɗauko reza.

Amma ni mai gyaran agogo ne,
hannuna ba ya taɓa abu
sai ido ya gama gaisawa da shi.
Na maƙala madubin aiki, na durƙusa
har gwiwa ta fara ƙorafi.

Na ƙwanƙwasa gilashi, murjani ya tsuke.
Su ko gezau.
Na miƙa abinci, babu hannun karɓa,
sai ƙofofi ƙanana birjik, da babba guda a sama.
Na ɗiga madara da sirinji kusa da gindi.
Ta ɓace.
Can sai ga ta tana fita ta ka, siririya,
kamar hayaƙi daga tsororuwar bukka.

Soso ne.

Inna Dudu ta yi dariya har da riƙe ƙugu.
"Soso ai a danga yake, ɗan nan,
da shi na cuɗe ka kana ihu.
Wannan me zai wanke?"
Na ce, ruwan kansa yake wankewa, Inna,
dare da rana, ba lada ba la'ada.
"To, ya fi ka," ta ce, ta koma tsinkar zogale.

Wanda ya sayar mini da dutsen ya ce a waya:
kul ka ɗaga shi sama da ruwa,
iska na shigarsa, shi ke nan.
Ka ji fa. Abin da muke shaƙa mu rayu.

Ban saye su ba, ban gayyace su ba.
Dutse suka ɗafe, suka wuce Gaundare ba tikiti.
Na rubuta a bayan rasit:
farare, sha ɗaya;
rawaya, faɗin dala;
wani ruwan hoda a lungu, ban san sunansa ba tukuna.

Wuta ta dawo bayan isha.
Famfo ya yi tari sau biyu, ya kama.
Murjani ya baje yana jiran yabo.
Na mayar da reza aljihun tebur,
na naɗe hannun riga,
na ɗan juya dutsen can cikin ruwa
don inuwarsu ta ƙaru.