Daga Ɗaya Zuwa Goma

Bakwai da kwata a Grimsby,
gari bai waye ba, fitilun titi na nan a kunne,
yayyafi na ƙwanƙwasa tagar ɗaki na huɗu.
Na murza tafukana har suka yi ɗumi,
ba a taɓa tsohon ƙashi da hannu mai sanyi.

Mista Thackray, tamanin ba biyu,
talatin daga ciki a kan ruwa ya yi su,
yana jan taru cikin ƙanƙara.
Ya ce teku bashi ya ba shi kifin,
yanzu yatsunsa ke biya.

Ido ke fara aiki kafin hannu.
Na ce ya taka mini zuwa ƙofa.
Ya dafa kujera, ya nisa, ya miƙe.
Ƙafar dama na saurin barin ƙasa
kamar mai ratsa rairayin azahar ba takalmi.
Kafaɗar hagu ta fi 'yar'uwarta sauka.
Na rubuta.

Shimfiɗa hannuwa. Juya su. Dunƙule.
Gaɓoɓin sun yi ƙulu-ƙulu kamar ɗanyar citta.
Babban yatsa ya gai da manuni,
ya gai da na tsakiya,
ya nufi ɗan autan, ya tsaya a hanya.
Na matsa a hankali, idona a fuskarsa,
baki ya iya ɓoyo, gira ba ta iya ba.

Da safe sukan daɗe kafin su saki?
“Har shayi ya huce.”
Wa ke sa maka maɓallin riga?
Ya dubi taga.
“Da Maureen ce.”
Takardar ba ta da gurbin wannan amsa.

Sai gwiwa.
Bayan hannuna ya bi ta yana neman zafi, ya samu.
Na danna ƙoƙon, ya nutse, ya taso,
akwai ruwa a ƙarƙashi.
Tef ya ce dama ta ɗara hagu da santimita biyu,
cinyar da ke samanta kuwa ta zube.
Na lanƙwasa, na miƙar,
ƙurus, ƙurus a cikin tafina,
kamar ana ɓarzar masara can ƙuryar gida.
Guringuntsi ya ƙare,
ƙashi da ƙashi ke gogayya.

Tura hannuna. Ja shi.
Ƙarfi huɗu cikin biyar,
taurin kai biyar cif.

Daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne?
“Uku.”
Goshinsa ya ce bakwai.
Na rubuta ukun, don ciwon nasa ne,
na rubuta goshin a layin ƙasa.

Babana tela ne a Gusau.
Shekara arba'in ƙafarsa na taka keken ɗinki,
yau a kan kujerar roba yake salla.
In na kira na tambaya, sai ya ce da sauƙi,
ya juya zancen kan tsadar zare.
Shi ma mai uku ne.
Na dafa gwiwar baƙi ta fi dubu,
tasa ban taɓa ba.

Na durƙusa na duba idon sawu,
na bi diddige, na ƙirga yatsun ƙafa.
Da zan miƙe, gwiwata ta ce ƙas!
har na gadon gefe ya waiwayo.

Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya.
“Sista Lantana, ke fa?
Daga ɗaya zuwa goma?”

Awa goma sha biyu ke nan ina tsaye.
Na ce, “Biyu.”
Ya dubi goshina. Bai ce komai ba.

Na miƙa masa rigarsa.
Hannuna ya so ya kai masa agaji,
na tura shi aljihu.
Maɓallin farko ya kufce sau uku,
a na huɗu ya shiga.
Saura biyar.
Motata ta takwas za ta wuce,
shayinsa na kan tebur, bai gama hucewa ba.
Na jawo kujera na zauna.