Zahar Ba Ta Ci Bashin Kowa Ba

A Jidda, layin teloli na unguwar Sabil,
bayan isha, in an sauke rabin ƙofar shago,
Kawu Haladu kan ture keken ɗinki gefe,
ya ɗora tabarau a karan hanci,
ya buɗe tawila a waya, shayinsa na hucewa.

Ba kuɗi ake zubawa ba, maki ne kawai,
amma zo ka ga jijiyar wuyansa!
Abokin karawar wani ne can a Izmir,
ba fuska, ba murya, hoton kyanwa a gurbin suna,
Kawu kuwa ya rantse yana jin dariyar da yake ƙunshewa.

"Duba nan, Sallau! Shida-shida kuma!
Daidai lokacin da na toshe masa hanya.
Da, a gahawar Bab Makka, zahar ƙashi ce,
ka ji sanyinta a tafi, ka hura mata, ka watsa.
Wannan ta bayan gilashi, wa ya ga cikinta?
Akwai mai hannu a ɓoye, shi ke juyawa."

Ni yaron shago ne, aikina awo:
kafaɗa, hannu, tsawon riga har idon sawu.
Na ɗauko tsohon littafin awo, na kifa shi,
na ja layi biyu, na Kawu da na mai kyanwa,
duk jifan da ya faɗi ina rubutawa.

Dare ashirin da uku. Biro biyu suka ƙone.
Ƙwaya biyu, kowacce fuska shida,
ƙofa talatin da shida ke nan, guda tak ta shida-shida.
Jifa dubu da tamanin kowannensu ya yi.
Mai kyanwa: ashirin da takwas.
Kawu: talatin da uku. Sai da na maimaita ƙirgawa.

Ya riƙe littafin nesa da ido
kamar takardar tara daga baladiyya.
"Talatin da uku? Ni? Yaushe?"
Na ce ran Talata sau uku ta zo maka,
ka ce gwaninta ce, ka aike ni sayen mutabbak.
Wadda ta zo maka ruwa ce, ka sha ka manta,
wadda ta zo masa ƙaya ce, har yau kana ɗingisawa.

Shiru. Fanka na yanka zafi gunduwa-gunduwa.

"To. Jifa tara ban ga shida ba.
Yanzu kam dole ta zo, ina bin ta bashi."
Kawu, zahar ba ta da littafi irin nawa.
Ba ta san jiya ba, ba ta san sunanka ba,
kowane jifa ɗan yau ne, ba uwa ba uba,
ba ta ci bashinka ba, balle ranar biya ta zam tana zuwa.

Daga baya Inna Tasalla ta ba ni labari:
shekara talatin da suka wuce, layi ɗaya suka bi,
shi da ƙanensa Ɗanladi, taga ɗaya, hantsi ɗaya.
Aka buga wa ɗaya hatimi, aka kai ɗaya jirgi.
Tun ranar yake neman wanda ya juya hannu.
Maƙiyi ko ba komai yana da ƙofa, ka je ka buga.
Abin da ba mai shi a cikin mutane,
ina za ka kai ƙararsa, ban da wurin Mai kowa?

Littafin bai tafi a banza ba.
Ƙafar teburin keke ɗaya ta gaza sauran,
Kawu ya ninke lissafina ya cusa a ƙarƙashi.
Ya taɓa gilashi. Biyu da ɗaya.
"Ka gani ko?"
Na gani, Kawu. Miƙo kofin, in yi maka ɗumamawa.