Ɗakin Albasa

Assumana, kuɗin sun iso ranar Talata,
jika tamanin, da hoton da ka turo a waya:
wani ɗaki na can Abijan, fari fat kamar asibiti,
ƴan kujeru ja da shuɗi, kafet mai laushi.
Ka ce, "Ki yi wa yaran irinsa."
Na dubi hoton, na dubi Tawa, na yi dariya ni kaɗai.

Ɗakin albasa na buɗe.
Tun da mahaifinka ya bar zuwa Galmi bai ga buhu ba,
amma warin na nan, ya miƙe ƙafa kamar mai gida.
Kwana uku ina shara.
Kunama biyu na kashe a bayan tsohon sirdin keke,
na toshe ramin gara da siminti rabin kwano.
Illa magini ya huda taga ta gabas,
ya ce rana ta shigo da safe, ta fita kafin ta fusata.

Sai fenti. Bushara ta ce ruwan ɗorawa,
Nafi'u ya ce kore irin rigar ƴan ƙwallo,
suka yi ta ja har tuwo ya huce.
Na raba musu bango kamar gado,
biyu nata, ɗaya nasa, malamai su yi haƙuri.
Na huɗun na shafa masa baƙi daga ƙasa zuwa ƙuguna,
allo ke nan, kowa ya rubuta son ransa,
bangon tsakar gida ya huta.

Agali kafinta ya zo da ma'auni.
Na ce kada ka auna da ni, auna da Kadiri.
Ya durƙusa, dattijo da rawaninsa,
ya kafa kanta daidai kafaɗar ɗan shekara uku,
ya goge kowace kusurwa har ta yi sulɓi,
ya kwantar da kan ƙusa, ya ce goshin yaro ba ya sallama.
Wayar kuran kuwa can sama, inda ni ma sai na hau turmi.

Kafet ban saya ba.
Tabarmar kaba biyu daga kasuwar Lahadi,
irin wadda in an yi mata fitsari rana ke wankewa.
Kwando guda na motocin gwangwani,
kwando guda na ƴan tsana, masu kitso da marasa kai,
marfin kwalba cike da tasa, Nafi'u ya ce dukiyarsa ce.
Kusurwar yamma na bar ta ba daɓe,
na zuba rairayi, amalanke ɗaya.
Inna ta ce, "Kin share ƙasa, kin kuma sayo ƙasa?"
Yanzu ita ke zama can bayan la'asar,
tana koya musu dara, tana yi musu maguɗi.

Jika shida suka rage. Na sayi alli da fitila mai caji,
sauran na biya mai ruwa, kada ka ji a bakin wani.

Jiya suka yi tsit,
irin tsit ɗin da ke sa uwa ta ajiye muciya.
Na leƙa.
Bushara ta zana gidanmu, da bedi, da akuya.
Nafi'u ya zana babbar mota mai taya goma sha biyu,
hancinta na kallon arewa.
Kadiri na can ƙasa, alli a dunƙule cikin hannu,
ya yi wani abu mai kusurwa huɗu, da ƙafa biyu, da hula.
Na ce, "Wannan fa?"
Ya ce, "Baba."

Waya ce, Assumana.
Waya ce ya yi wa ƙafafu.

Ban goge ba, na kuma hana a goge.
A jikin ƙyaure na ja layi uku da wuƙa,
tsawon kowa, da kwanan wata a gefe.
Akwai sauran wuri a sama,
sai dai na kasa tuna inda kanka yake kaiwa.
Ƙofar gajera ce. Illa ya ce a ɗaga ta,
na ce a bari.
Ka zo ka sunkuya.