Lamba Sha Bakwai, Gangare

Ran Talata suka zo, su uku,
ɗaya da igiyar awo, ɗaya da littafi,
na ukun da gwangwanin fenti.
Gabana ya faɗi, don na san ja:
ja ne ya ci rumfar Baba Tela bara,
ja ne ya haɗiye layin masu gyaran agogo.
Da ya ɓalle murfin, sai ga shuɗi.

"Ƙaramar hukuma ta sa gidan nan a lissafi,"
in ji mai littafin, Choji sunansa.
"Gidan tarihi ne, ba mai rushe shi."
Aka zana sha bakwai a gefen zaure,
fentin ya tsiyayo har dokin ƙofa.

Tarihi! Ni dai gidan kakana na sani,
Ɗan'azumi heluma, mai leburorin kuza,
wanda ya taho daga Bebeji da ƙafa,
ya wanke ƙasar Dilimi shekara talatin,
ya sayi kwanon rufi
da kuɗin da suka bar masa tari.
Ga ƙusar da yake rataye fitila,
ga ma'auninsa ya yi tsatsa a lungu.

Aka miƙo mini takarda mai hatimi:
kada siminti ya taɓa bango,
kada a sauya taga, kada a ɗaga rufi,
sai an rubuto, sai kwamiti ya zauna.

Na rubuta.
Ashe damina ba ta iya karatu ba.
Ruwan Jos ya sauko da ƙanƙara
yana dukan kwano kamar mai bin bashi.
Roba bakwai muka jera a ɗakin Inna Tasalla,
kowace da irin kukanta,
bangon gabas kuwa ya yi ciki.

Sau biyar na hau benen sakatariya.
Ciyaman ya tafi Abuja.
Mai mabuɗin kabad yana jinya.
Aka ce fayil ɗina yana tafiya;
na hango shi a kan tebur,
an ɗora masa kofin shayi.

Maƙwabcina, lamba sha takwas,
bai wahalar da gwiwarsa ba.
Cikin dare gidansa ya faɗi da kansa,
wai da kansa,
ga sawun katafila kwance a laka.
Yanzu shaguna goma ne, ana sayar da waya.

Na ce wa Inna ni ma zan kira mai bulo.
Ta ce, "Bari in mutu tukuna.
A bayan ɗakin nan aka binne cibiyar ubanka."

Ran Asabar, ana yayyafi, aka yi sallama.
Choji ne, ba littafi, ba takalmin ofis,
da wani tsoho, kawunsa, Baba Davou.
Tsohon ya shafa bangon kamar mai tayin doki,
ya gutsuri ɗan ɓarɓashi, ya shinshina.
"Jar ƙasar Naraguta ce da tattakar acca.
Takardarku siminti ta hana,
ban ji ta ambaci laka ba."
Sai idonsa ya kai kan ma'aunin.
Ya daɗe bai ce komai ba.
"Ubana ya ɗauki kwano a ƙarƙashin mai wannan.
Ya ce masifaffe ne,
amma bai taɓa cin awon lebura ba."

Muka naɗe wando, muka shiga kwaɓi,
sanyi yana cizon yatsu,
Inna tana aiko da dankali mai zafi,
tana faɗa daga taga cewa ba mu iya ba.
Asabar huɗu muka yi.
Bangon ya miƙe, tafin hannunmu a jikinsa.

Izini ya iso bayan ruwa ya ɗauke,
da sa hannu uku da hatimi biyu:
an amince a gyara lamba sha takwas.

Na ninke takardar gida huɗu,
na cusa ta a tsagar tagar Inna,
inda iska ke shigo mata da asuba.