Awon Zafi

Da sassafe muka ɗauko ta daga bayan mahauta,
iskar kashin shanu, ɗaure a tsohuwar robar taya.
Sahabi ya rungume ta a kan kabu-kabu,
mai babur na toshe hanci, yana ƙara kuɗi.

Malam Harisu ya ce,
wuta ba ta faɗin ƙarfinta da bakinta,
sai an kawo mata shaida.
Shaidar kuwa ruwa ne.

Ga tulun ƙarfe mai hanji a murɗe,
ruwa na shiga ta ƙasa, yana fita ta sama,
tsinken gilashi biyu, kowane a ƙofarsa,
ɗaya na tambayar baƙo yadda ya zo,
ɗaya na tambayarsa yadda zai tafi.

Na ƙyasta ashana.
Harshe ya tashi, shuɗi kamar bakin marina,
ba hayaƙi, ba tartsatsi, ba ya ko tari.
Na tuna murhun Inna a Zariya ta Biyu,
da idonta da ke ja tun kafin a haife ni.

Kada ki rubuta tukuna, in ji Malam,
bar tsinken ya daina rawa.
Muka jira.
Fanka ta mutu, gumi ya sauko kan kaye.
Talatin da ɗaya a mashiga.
Arba'in a mafita, da ɗan ɗigo.

Allurar agogon iska ta zagaya, lita goma.
Sahabi ya fizge bokiti, muka ɗora a sikeli:
kilo biyar, har da abin da ya zuba a takalminsa.
Daga ƙasan tulun wani ruwa na ɗiga cikin kofi,
ba na famfo ba ne,
wutar ce ta haife shi.
Wannan ban gaya wa kowa a gida ba, wa zai yarda?

Na ninka, na raba, na sake ninkawa.
Abin da na samu bai kai na littafi ba.
Ina sauran zafin ya tafi?
Malam ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen,
ya ɗaga, ya nuna mini:
ga ɓarawonki, rubuta sunansa.
Sau uku muka maimaita, sau uku ya ɗebi rabonsa.

Da magariba na tarar da Inna tana hura ice,
ɗauri uku na ɗari biyar, ɗanye rabi.
Na buɗe mata kaye, na karanta lambar
har da abin da ke bayan waƙafi.

Ta share ido da gefen zane.
Ta ce, Zali, wannan iskar taku,
za ta dafa ganda?

Ban auna ganda ba.
Gobe zan tambayi Malam nauyin tukunyarmu,
da tsawon daren da ƙafar sa ke ci kafin ta sallama.